Likita ya ce a yi min aikin maƙoƙo, Mama ta ce kada a taɓa min wuya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce, shekarata 34, ina da aure da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ke nan da na fara ganin ɗan kumburi a gaban wuyana. Ban damu ba da farko tunda ba ya ciwo, sai dai in na haɗiyi yawu a gaban madubi in ga ya hau ya sauko. Bayan haihuwata ta ƙarshe sai ya ƙara girma. Yanzu in na kwanta rigingine ji nake kamar an ɗora min hannu a wuya, wani lokacin kuma loma takan tsaya min kafin ta wuce.

Na je asibiti, an gwada jinina, an yi min hoton wuya, an kuma sa allura an zuƙo wani abu daga cikin kumburin. Likita ya ce maƙoƙo ne, sakamakon bai nuna ciwon daji ba, amma ya fara danne min hanyar numfashi, don haka shawararsa a yi aiki. Maigidana ya ce a yi kawai a huta. Mahaifiyata kuwa ta ce muddin tana raye ba wanda zai sa min wuƙa a wuya, domin an yi wa yayarta irin wannan aikin shekaru masu yawa da suka wuce, kuma har ta koma ga Allah muryarta ba ta dawo ba. Yanzu ko gaisuwar kirki ba sa yi da maigidana saboda wannan maganar.

Ni kaina tsoro nake ji, Anti. Da muryata nake aiki, in ta tafi me zan yi a aji? Wata biyar ke nan rabona da asibiti, ina ta sayen magungunan shafawa da nake gani a intanet. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata malama mai neman mafita.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya yaye miki wannan damuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne watanni biyar ɗin nan. Saɓanin da ke tsakanin Mama da maigidanki zai warware in sha Allahu, amma kumburin ba ya jiran su shirya. Kafin mu kai can, ki fara riƙe albishir ɗin da ke cikin labarinki, wanda na ga tsoro ya hana ki jin daɗinsa: gwajin allura bai nuna ciwon daji ba. Haka abin yake ga mafi yawan masu irin wannan kumburi, sama da kashi 90 cikin 100 ba ciwon daji ba ne. Ke matsalarki ta matsin wuri ce, kuma don ki gane haka sai na ɗan zagaya da ke cikin wuyan naki.

Ki wanke hannu, ki tsaya a gaban madubi, ki ɗora yatsa a ƙarƙashin haɓarki ki riƙa gangarowa a hankali ta tsakiya. Abu mai tauri da za ki ji ya fi fitowa a tsakiyar wuya guringuntsi ne, shi ne zakaran wuya. Mata ma suna da shi, na maza ne dai ya fi fitowa. Shi ne garkuwar maƙogwaro, kuma a bayansa daidai akwai wasu 'yan tantani guda biyu da ke buɗewa in za ki shaƙi iska, su haɗu su yi rawa in za ki yi magana. Daga nan muryarki take fita. Ki ci gaba da gangarowa, za ki ji wasu zobba-zobba a jere, wannan shi ne bututun iska, wanda yake da zobban guringuntsi 16 zuwa 20 kafin ya rabu biyu ya shiga huhu. A bayansa, manne da shi, bututun abinci ne, shi kuma tsoka ce mai laushi, ba shi da wani zobe da zai kare shi. A dama da hagu ga manyan jijiyoyin jini masu kai jini ƙwaƙwalwa da masu dawo da shi, in kin taɓa gefen wuya za ki ji bugunsu. Can baya kuma ga ƙasusuwan wuya guda 7 da suke ɗauke da kai, laka tana bi ta cikinsu. Duk wannan kaya a wurin da tafin hannu biyu za su iya zagayewa. Ni kam duk lokacin da na yi tunanin wuya sai na jinjina ikon Allah, domin numfashi da abinci da magana da jini duk ta wannan 'yar siririyar hanya suke wucewa, kowa da layinsa.

To a gaban bututun iska, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi, fiffike ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da ɗan siririn nama da ya haɗa su ta tsakiya. In tana lafiya nauyinta bai wuce giram 20 ko kusa da haka ba, kuma ba a ganinta ba a jinta. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga jini ta haɗa wasu sinadarai da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har da al'adar mace. Kumburarta ita ce maƙoƙo. Ya fi samun mata fiye da maza, kuma ciki da haihuwa suna ƙara mata aiki, shi ya sa ban yi mamaki da kika ce bayan haihuwa ya ƙaru ba. Hawa da saukar da kike gani a madubi kuwa, dalilinsa a ɗaure take da maƙogwaro da bututun iska, duk inda suka motsa lokacin haɗiya sai ta bi su.

Yanzu ki auna da kanki. Abin da ya kamata ya zauna a ɗan lungu ya ninka girmansa, kuma maƙwabtansa na kusa su ne hanyar iska da hanyar abinci. In kin kwanta rigingine nauyinsa yana sauka kan bututun iska, shi ne hannun da kike ji an ɗora miki. In kin haɗiyi loma, bututun abinci da ba shi da garkuwa yana samun matsi, shi ne tsayawar da take yi. Abin da kike ji gaskiya ne, ba zargi ba ne, kuma ya yi daidai da abin da likita ya gani a hoto. Daga nan kuma za ki gane abin da ya sa nake roƙonki ki daina sayen magungunan shafawar nan. Tayirod tana ƙarƙashin fata da kitse da tsokoki, babu man da zai ratsa su ya je ya narkar da naman da ya riga ya tsiro. Haka kuma kada wani ya ba ki ƙwayoyi ko ruwan aidin ki sha da sunan zai sace kumburin. Ƙarancin aidin yana haddasa maƙoƙo, wannan gaskiya ne, shi ya sa ƙasashe da yawa suke sa shi a gishiri. Amma ga maƙoƙon da ya daɗe ya yi ƙulli-ƙulli, aidin mai yawa ba ya mayar da shi, yana ma iya tunzura tayirod ta yi aiki fiye da kima, ki koma fama da bugun zuciya da rawar hannu da rama.

Sai maganar murya, wadda ita ce zuciyar wasiƙarki. Ba zan ce miki tsoron Mama ba shi da tushe ba, yana da shi. Tantanin murya ba sa motsi da kansu, akwai jijiyar da take kai musu saƙo daga ƙwaƙwalwa, ɗaya a kowane gefe. Tafiyar wannan jijiya abin al'ajabi ce: tana saukowa daga kai ta wuce maƙogwaron da aka aike ta, ta gangara wajen ƙirji, ta zagaye wata babbar jijiyar jini, sannan ta juyo sama ta bi ɗan kwarin da ke tsakanin bututun iska da na abinci, ta ratsa ta bayan tayirod kafin ta shiga maƙogwaro. Siririya ce ƙwarai, kuma a daidai inda likita zai yi aiki take. In aka ja ta ko ta ƙuje, murya takan dishe na wasu makonni ko watanni sannan ta dawo. In aka yanke ta, tantanin gefen ya daina motsi. Mai yiwuwa abin da ya sami yayar Mama ke nan, Allah ya jiƙanta.

Amma ki san inda aka fito da inda aka kai. A tsakiyar ƙarni na 19 wannan aiki yana cikin mafiya haɗari, har manyan likitoci suna hana yin sa. Wani likitan fiɗa na birnin Bern a ƙasar Suwizalan, Theodor Kocher, shi ya gyara hanyar yin sa har mace-mace a hannunsa suka koma ƙasa da kashi 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909 saboda aikinsa a kan tayirod. A 1938 kuma wani likita a Amurka, Frank Lahey, ya karantar da cewa a nemo jijiyar murya a gan ta da ido a kare ta kafin a yanke komai, maimakon a yi ta kauce mata cikin duhu. Wannan ita ce ƙa'idar da ake bi yau, wasu asibitocin ma suna da na'urar da ke gwada lafiyar jijiyar ana cikin aikin. A hannun likitan da ya saba, lalacewar murya ta dindindin tana samun kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100. Dishewa ta ɗan lokaci ta fi haka yawa, wani lokacin ma bututun da ake sa wa mutum ya yi numfashi yayin da yake cikin barcin aiki ne ke jawo ta, kuma tana wucewa. Ko da an samu wadda ba ta dawo ba, yau akwai horon murya da ƙwararru ke bayarwa, akwai kuma ƙaramin aikin da ake matso da tantanin da ya tsaya kusa da ɗan'uwansa murya ta ƙara ƙarfi.

Akwai wata jijiyar ta biyu da ba a cika ambata ba, amma ke ta shafe ki sosai. Tana wucewa kusa da saman tayirod, ita ce mai ɗaure tantanin murya in za ki ɗaga sauti. In ta samu rauni mutum yana magana lafiya lau, sai dai ya kasa ɗaga murya ko ya gaji da wuri. Saboda haka ranar da kika koma, ki buɗe baki ki gaya wa likita cewa ke malama ce, kina wuni kina magana a gaban yara. Ki nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin muryarki da 'yar kyamara kafin aiki, don a san halin da suke ciki tun farko.

Abu biyu kuma da za ki sani tun yanzu don kada su zo miki ba zato. A bayan tayirod akwai wasu 'yan ƙwayoyi, yawanci guda huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, su ke daidaita sinadarin kalsiyum a jini. Bayan aiki sukan yi sanyi na ɗan lokaci, sai mutum ya ji leɓɓansa da yatsunsa suna yi masa yam-yam. In kin ji haka ki faɗa nan take, ƙwayar kalsiyum ce maganinsa, kuma ga mafi yawan mutane yana wucewa. Na biyu, in duka tayirod aka cire za ki riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin ki ci komai, har tsawon rayuwa. Sunanta lebotayiroksin, ita ce take maye gurbin sinadarin da jikinki yake yi. Ba ta hana aiki, ba ta hana haihuwa, sai dai in an samu ciki a gaya wa likita da wuri domin yawanci ana ƙara adadinta.

Na jera miki haɗarin yin aiki ban ɓoye komai ba, to ki bar ni in faɗi na rashin yin sa, domin shi ne Mama ba ta hango ba. Maƙoƙon da ya fara danne hanyar iska ba kasafai yake komawa da kansa ba. Yana iya ci gaba da girma ya gangara bayan ƙashin ƙirji, inda babu wurin da zai buɗa sai dai ya ƙara matse abin da ya tarar. Ƙulli ɗaya yana iya zubar da jini a cikinsa ya kumbura cikin sa'o'i kaɗan. Kuma duk girman da ya ƙara, jijiyar muryar nan tana ƙara miƙewa tana kaucewa daga mazauninta, aikin yana ƙara wahala. Wato muryar da kike jinkiri domin ki tsare ta, jinkirin ne yake ƙara jefa ta cikin haɗari. A ganina, bisa abin da kika rubuto, shawarar likitanki tana kan hanya, kuma aikin da aka shirya a natse ya fi wanda za a yi cikin gaggawa da dare.

Wannan ba yana nufin ki miƙa wuya ido rufe ba. Kina da 'yancin tambaya, kuma ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin ki shiga, domin a gaban likita kan mutum yakan ɗaure. Ki tambaye shi ko kumburin gefe ɗaya ne ko duka biyu, domin in gefe ɗaya ne ana iya cire rabi a bar rabi, jijiya ɗaya ce kawai za a kusanta, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa haka ba sa buƙatar ƙwayar kullum. Ki tambaye shi sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, kuma yaya muryoyin majinyatansa suke kasancewa. Ba rashin kunya ba ne, bincike ya nuna sakamako ya fi kyau a hannun wanda yake yawan yi, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Ki tambaya ko maganin aidin na musamman da ake sha a asibiti, wanda likitoci ke kira rediyo-aidin, zai yi miki. Yana rage girman maƙoƙo, amma a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ana so a jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata shida bayansa, shi ya sa ba shi ne zaɓin farko ba in matsi ya yi yawa. In har zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗauki duk sakamakonki ki kai wa wani ƙwararren ya duba. Tunda wata biyar sun wuce, mai yiwuwa ma a sake hoton da gwajin jini.

Mama kuwa, ki tausaya mata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta ga yayarta ta rayu shekaru tana magana da ƙyar, yanzu ana ce mata a kai 'yarta ga wuƙa ɗaya. Maganar da ta yi mai zafi ce, amma ƙauna ce ta fito da ita. Kada ki je mata da gardama ko lissafin kashi cikin ɗari. Ki zauna da ita ku biyu, ki ce ta ba ki labarin yayarta tun daga farko, ki saurara har ta gama. Sannan ki kama hannunta ki ɗora a wuyanki, ki gaya mata yadda dare yake yi miki, domin ina kyautata zaton kin ɓoye mata wannan don kada hankalinta ya tashi. Ita aikin kawai take tsoro saboda ba ta san zaman ma yana da nasa haɗarin ba. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta yi wa likita tambayoyinta da bakinta. In akwai wani babba da take jin maganarsa, ɗan'uwanta ko aminiyarta, ki fara fahimtar da shi ya taya ki. Ki nemi albarkarta da addu'arta da gaske. Amma ƙanwata, in kin yi duk wannan ba ta sauko ba, ki sani jikin naki ne, numfashin naki ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Neman magani ba saɓa wa uwa ba ne.

Shi ma maigidanki yana da gaskiya a kan inda ya dosa, kuskurensa a lafazi ne. Kalmar "a yi kawai a huta" tana sa mai tsoro ya ji kamar an raina tsoronsa. Wataƙila shi ne yake kwana yana jin yadda numfashinki yake canzawa, nasa tsoron ne yake fitowa da siffar gaggawa. Ki gaya masa abin da kike buƙata a fili: ya raka ki ganin likita, ya tsara wanda zai kula da yara, ya kuma je ya gaishe da Mama ba tare da ya tayar da zancen ba. Ki ce masa maganar Mama ya bar miki ita.

Ki kira asibiti a cikin makon nan ki karɓi rana. Kafin ranar ta zo, ki riƙa kwanciya a gefe ko ki ƙara matashi, hakan yana rage matsin. In kuwa kika ji numfashinki yana fita da ƙara kamar fito, ko kumburin ya ƙaru farat ɗaya, ko muryarki ta dishe ba mura, ko ruwa ma ya ƙi wucewa, kada ki jira ranar, ki tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. In an tsayar da aiki, ki nemi hutun makonni biyu zuwa uku daga makaranta. Za a kwantar da ke aƙalla dare ɗaya don a sa ido kan wurin, yankan kuma a kan layin fatar wuya ake yin sa, yana dusashewa cikin watanni. Makonnin farko a aji kada ki yi ihu, ki matso da yaran kusa, ki ajiye ruwa a gefenki. Ki sake rubuto min bayan kin ga likita, ina son in ji abin da ya ce game da rabi ko duka, da kuma yadda zamanku da Mama ya kasance. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki.